Darasi: Swindon, Garin da Layin Dogo Ya Gina

A buɗe taswirar Ingila, a ɗora yatsa a kan Landan, sannan a ja shi yamma har inda birnin Bristol yake. Wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar, yatsan zai bi ta kan wani gari mai suna Swindon, a arewa maso gabashin gundumar Wiltshire. Ta layin dogo, mil 77 ne daga Landan, wato kilomita 124, kuma jirgin yau yakan cinye su cikin kamar awa ɗaya. Ƙidayar 2021 ta samu mutum wajen 233,400 a garin da ƙauyukan da ke ƙarƙashin hukumarsa. A ƙidayar 1801 kuwa, mutum 1,198 kacal aka samu a garin. To, me ya tara wannan jama'a a wurin da ba shi da tashar jiragen ruwa, ba babban kogi, ba kwal a ƙarƙashin ƙasa, ba tama, ba fadar sarki? Wannan tambaya za mu bi a darasin nan.

Tudu da kwari

Kudu da Swindon akwai jerin tuddai na alli da ake kira Marlborough Downs. Ƙasar ba ta riƙe ruwa, ciyawarta gajera ce, don haka tun da daɗewa wurin kiwon tumaki ne. A kan doron tuddan ne wata tsohuwar hanya mai suna Ridgeway ta bi, wadda mutane suke takawa tun shekaru dubbai da suka wuce. Har yanzu ana ganin ganuwar ƙasa ta mutanen da a Barbury da Liddington, kuma can kudu kaɗan akwai da'irar manyan duwatsun Avebury. Arewa da garin kuwa kwari ne shimfiɗaɗɗe na yumɓu mai danƙo, inda ƙoramun Ray da Cole suke gangarawa su faɗa kogin Thames. Wannan gefen na shanu ne, na madara da cuku. A Ingila ruwan sama ba shi da lokaci, kowane wata yana iya sauka, saboda haka kwarin yumɓu yakan daɗe cikin laka.

Tsakanin alli da yumɓun nan akwai wani ɗan tudu na dutsen farar ƙasa. A kansa tsohon Swindon ya zauna, don dalilin da ba shi da wuyar ganewa: saman tudu busasshe ne, ga idanun ruwa a gefensa, ga dutsen gini a ƙarƙashin ƙafa. Rumawa sun yi zama a yankin, har suna da gari kusa da Wanborough na yanzu, a kan hanyarsu da ta taso daga Cirencester. Sunan Swindon ya fito a cikin littafin ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki William ya sa aka rubuta a 1086. A ƙarni na 13 kasuwa ta kafu a garin, daga ƙarni na 16 kuma gidan Goddard suka zama masu ƙasar. Abin da garin ya dogara da shi bai wuce kasuwar dabbobi da fasa dutse ba. In ana lissafin garuruwan Wiltshire a wancan zamani, sai an ambaci Salisbury da Devizes da Marlborough kafin a tuna da shi.

A 1810 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, mai suna Wilts and Berks, wadda ta ratsa ta gindin tudun. Jiragen ruwa masu tsawo marasa faɗi ne suke bin ta, doki yana jan su daga gefe, suna ɗauke da kwal daga ramukan Somerset. Don a riƙa ƙara mata ruwa aka gina tafkin Coate a 1822, wanda yau wurin shaƙatawa ne. Hanyar ruwan ba ta mai da Swindon babban gari ba, amma ku riƙe ta a zuci, domin za ta yi rana nan gaba.

Samari biyu da wasiƙa ɗaya

'Yan kasuwar Bristol ne suka fara neman layin dogo zuwa Landan, domin sun ga Liverpool tana ƙwace musu cinikin Amurka. A 1833 suka ɗauki Isambard Kingdom Brunel injiniyan aikin, yana ɗan shekara 26. Majalisa ta amince da kafa kamfanin Great Western Railway a 1835. Bayan shekara biyu Brunel ya ɗauko wani saurayi daga arewacin Ingila, Daniel Gooch, ya damƙa masa kula da kawunan jirage. Gooch bai cika shekara 21 ba a lokacin.

Yanzu sai a lura da yadda layin ya kwanta. Daga Landan Brunel ya bi kwarin Thames, ya shimfiɗa layi da hawansa ba ya ko jiyuwa, har zuwa Swindon. Daga nan zuwa Bristol kuwa ƙasa ta canza: akwai gangare mai tsanani a bayan Wootton Bassett, da wani a cikin ramin Box, wanda aka huda ƙarƙashin tudu kusan kilomita 3. A wuraren nan biyu, duk tafiyar mita 100 layi yana hawa ko sauka mita 1. Ga mai tafiya a ƙafa wannan ba komai ba ne, amma ga injin tururi mai jan tarago da yawa, da ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe, babban aiki ne. Kan jirgi mai manyan ƙafafu yana gudu a shimfiɗaɗɗen wuri, mai ƙananan ƙafafu shi ke da ƙarfin hawa. Ke nan dole a samu wurin da za a cire wannan a ɗaura wancan. Inda ake canza kan jirgi kuwa, can ake bukatar rumfar ajiye su, da kwal, da ruwa, da makanikai.

A watan Satumba na 1840 Gooch ya rubuta wa Brunel wasiƙa yana ba da shawarar a yi wannan wuri a Swindon. Bayan maganar hawa da gangare, ya kawo wasu dalilai biyu. A nan ne layin da zai tafi Gloucester da Cheltenham zai rabu da babban layi, ga kuma hanyar ruwan nan da za ta kawo kwal da araha. Shugabannin kamfani suka amince a watan Fabrairu na 1841, a watan Yuni na shekarar aka gama layin daga Landan har Bristol, ranar 2 ga Janairu 1843 kuma masana'antar ta fara aiki. Mutanen gari suna da nasu labarin: wai Brunel da Gooch suna zaune suna cin abincin rana a fili, sai ɗayansu ya yi jifa da dutse, ko da guntun burodi, aka ce inda ya faɗi nan za a fara gini. Labari ne mai daɗin ji. Wasiƙar Gooch dai ta nuna lissafi aka yi.

Wurin yana da aibi ɗaya babba, wato ƙarancin ruwa mai kyau, alhali injin tururi ruwa yake sha kamar ba gobe. Kamfanin ya daɗe yana fama da wannan kafin daga baya ya jawo ruwa ta bututu daga Kemble.

Akwai wani abin dariya da ya biyo baya. Kuɗin kamfanin sun yi ƙasa, sai ya yi yarjejeniya da 'yan kwangilar gini, J. da C. Rigby: su gina tashar da kuɗinsu, su kuma a ba su ɗakunan sayar da abinci, tare da alkawarin kowane jirgin fasinja zai tsaya minti 10 a Swindon. Da farko babu asara, tun da dama ana tsayawa canza kan jirgi. Amma da injuna suka ƙara ƙarfi, tsayawar ta zama ƙaya. Fasinjoji suna gunagunin tsada da rashin kyawun abinci, Brunel kansa ya rubuta wasiƙa yana kushe kofin da ake sayarwa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Sai a 1895 kamfanin ya fanshi kansa da fam 100,000.

Rigimar faɗin layi

A nan ya kamata mu ɗan dakata, domin maganar ta shafe mu. Faɗin layi shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarfen dama da na hagu. George Stephenson da mabiyansa a arewacin Ingila sun yi amfani da ƙafa 4 da inci 8 da rabi, wato milimita 1,435, wanda suka gada daga kekunan ramukan kwal. Brunel ya ga babu dalilin bin wannan. Ya zaɓi ƙafa 7 da rubu'in inci, milimita 2,140, domin jirgi ya zauna daram, ya ɗauki babbar tukunyar tururi, ya yi gudu ba tare da girgiza ba.

Matsalar ta bayyana inda layukan biyu suka haɗu, musamman a Gloucester. Jirgin wannan ba ya hawa layin wancan, don haka sai a sauke fasinja da kaya da dabbobi duka, a sake lodi a wani jirgin. Gwamnati ta naɗa kwamiti a 1845, aka gwada injunan ɓangarorin biyu, na Gooch suka yi fintinƙau a gudu da jan kaya. Duk da haka ba su ci shari'ar ba. A lokacin, ƙuntataccen layi ya kai mil 1,900, mai faɗin kuwa mil 274 ne kawai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Dokar 1846 ta sa sababbin layukan fasinja su bi ma'aunin Stephenson, sai in majalisa ta ba da izini na musamman.

Great Western ta ci gaba da nata har kusan shekara hamsin, tana janyewa sannu a hankali, a wasu wurare tana sa ƙarfe na uku don jiragen iri biyu su bi. A watan Mayu na 1892 aka kawo ƙarshen abin: cikin kwana biyu, Asabar da Lahadi, leburori fiye da 4,000 suka matse layin da ya rage yamma da Exeter. Tsofaffin kawunan jirage da taragai aka tattaro su Swindon, aka jera su a kan layukan ajiya na mil da yawa da aka shimfiɗa musamman, wasu aka gyara ƙafafunsu, wasu aka farfasa. Brunel bai ga wannan rana ba, ya rasu tun 1859.

Ma'aunin da ya yi nasarar nan, milimita 1,435, shi ne na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 kuwa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067. Shi ya sa jirgin sabon layi ba zai iya bin tsohon ba.

Gari biyu, suna ɗaya

Masana'antar ba a kan tudu aka gina ta ba. A kwari aka yi ta, cikin gonaki, fiye da mil ɗaya daga tsohon gari. Ƙwararrun ma'aikata kuma baƙi ne: maƙera da masu haɗa inji daga Scotland da arewacin Ingila, daga baya mutanen Wales da suka zo aikin murza ƙarfen layi a farkon shekarun 1860. Babu inda za su kwana, sai kamfani ya sa aka gina musu unguwa ta gidajen dutse kusan 300, aka raɗa wa titunanta sunayen tashoshin layin: Bristol, Bath, Exeter, Taunton, London, Oxford, Reading. Aka gina cocin St Mark a 1845, da wani babban gida na gwagware. Haka aka samu Tsohon Swindon a sama da Sabon Swindon a ƙasa, kowanne da hukumarsa, da kasuwarsa, da irin kallon da yake yi wa ɗan'uwansa. Wanda ya san birnin Zariya da Sabon Garin da ya tashi a gefen tashar jirgi zai gane yanayin. Gine-gine suka yi ta cike filin da ke tsakani har garuruwan suka haɗe, a 1900 aka mai da su hukuma ɗaya. Ƙidayar 1841 ta nuna mutum 2,459, ta 1901 kuwa wajen 45,000.

Kada a ɗauka sabon garin aljanna ce. Gidajen sun yi wa jama'a kaɗan, magudanan ƙazanta ba su da kyau, ruwan sha gurɓatacce, cututtukan cunkoso suna ɗibar yara. A cikin masana'anta kuma haɗari ba ya yankewa: ƙuna, karaya, yankewar yatsu. A 1847 kasuwa ta faɗi, aka sallami ma'aikata da yawa, sauran aka rage musu kwanakin aiki. Cikin wannan ƙunci ne aka kafa asusun magani na ma'aikata, GWR Medical Fund Society, da goyon bayan Gooch. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana cire 'yan kwabbai daga albashin kowane ma'aikaci, mai babban albashi ya ba da fiye da mai ƙarami, shi kuma da matarsa da 'ya'yansa su ga likita su karɓi magani ba tare da sun sake biya ba. Ma'aikata ne suke zaɓen kwamitin da ke riƙe da asusun. A farkon shekarun 1870 suka samu asibitinsu, a 1892 aka buɗe babban gini a titin Milton mai wurin iyo, wanda daga baya ya ƙunshi ɗakunan likitoci da wurin ba da magani da wuraren wanka. Sannu a hankali aka ƙara likitan haƙori da na ido, kafintocin masana'anta suna sassaƙa ƙafar katako ga wanda jirgi ya yanke wa ƙafa, har hidimar jana'iza asusun yana taimakawa.

Wannan tsari ya yi shekara 101 yana aiki kafin Birtaniya ta kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948. Mutanen Swindon suna alfaharin cewa daga wurinsu aka kwaikwaya. Mutanen Tredegar a Wales, mahaifar ministan lafiya Aneurin Bevan, su ma suna da irin wannan asusu, suna kuma da irin wannan da'awa. Ko wa ya fi gaskiya, abin lura shi ne ba sadaka kamfani ya yi ba. Guminsu ne ma'aikatan suka tara, kamfani kuma ya ga ribarsa a ciki, domin maƙerin da ya warke da wuri zai koma bakin wuta da wuri.

Haka ma maganar ilimi. Tun 1844 ma'aikata suka kafa ƙungiyar Mechanics' Institution, suka fara da 'yan littattafan da ake ara. A 1855 aka buɗe gininta a tsakiyar unguwa, da ɗakin karatu, da azuzuwan dare, da zauren wasanni da laccoci. Mutumin da ya yini yana dukan ƙarfe yakan wanke hannu ya zo koyon lissafi da zanen inji, kamar yadda ku ma kuke zuwa aji bayan aikin yini.

Rayuwa a "ciki"

Doguwar katanga ce ta kewaye masana'antar, babbar mashigarta kuma rami ne da ya bi ta ƙarƙashin layin dogo. Mutumin Swindon ba ya cewa yana aiki a reluwe, sai ya ce yana "ciki", kowa kuma ya gane. Ɗa yakan bi ubansa, domin 'ya'yan ƙwararru ake fara ɗauka koyon sana'a. Jiniyar tururi ce take tashin gari da asuba, ita take kiran mutane aiki, ita take sallamar su, ana jin ta daga ƙauyuka masu nisa. Wani mai sarauta da ke zaune a gidan Lydiard, Lord Bolingbroke, ya taɓa kai ƙara cewa tana hana shi barci, amma jiniya ta ci gaba da kukanta. Mata ma sun shiga tun shekarun 1870, suna ɗinkin kujeru da labulen taragai a sashensu daban.

Wanda yake son sanin zafin aikin sai ya nemi littafin Alfred Williams, Life in a Railway Factory, na 1915. Williams ɗan ƙauyen South Marston ne, ya yi fiye da shekara ashirin a gaban gudumar tururi, ya koya wa kansa Latin da Girkanci. Ya bayyana hayaƙi da ƙara da zaluncin wasu shugabannin aiki ba tare da ɓoye-ɓoye ba, abin da bai yi wa kamfanin daɗi ba.

Sau ɗaya a shekara, a watan Yuli, garin yakan zama kufai. Kamfani yakan ba ma'aikata da iyalansu jirage kyauta zuwa bakin teku, su Weymouth da Weston-super-Mare da Tenby da St Ives. Al'adar ta fara ne a ƙarshen shekarun 1840 da 'yar tafiyar yini ɗaya zuwa Oxford, ta girma har mutum fiye da 20,000 suna barin gari cikin safiya ɗaya. Sai dai akwai ƙashi a cikin tsokar: rufe masana'antar ake yi, ba a biyan albashin kwanakin, saboda haka iyalai da yawa sukan dawo su tarar da mako na babu. Sai a 1938 aka fara biyan kuɗin hutu.

Abin da suka ƙera

Da farko gyara kawai ake yi. A 1846 aka ƙera kan jirgi mai suna Great Western, daga nan ƙira ta kankama. Wani injiniya mai suna Joseph Armstrong ya ƙara sashen taragai a ƙarshen shekarun 1860. Amma wanda ya ɗaga sunan Swindon shi ne George Jackson Churchward, shugaban sashen injuna daga 1902 zuwa 1921, wanda kuma shi ne magajin garin farko bayan haɗewar 1900. Churchward ba ya jin kunyar koyo. Ya ɗauki dabarun tukunyar tururi daga Amurka, ya sa aka sayo injuna uku daga Faransa don a gwada su da nasa. Babbar hikimarsa ita ce daidaita kayan gyara: 'yan nau'o'in tukunya da ƙafafu da silinda, waɗanda za a harhaɗa su a fitar da injuna iri-iri, kuma in abu ya lalace a ɗauko irinsa a sito a ɗaura. Ƙarshensa abin tausayi ne. A watan Disamba na 1933, yana tsoho mai ritaya, ya fita cikin hazo duba wani wuri a layin da ke kusa da gidansa, jirgi mai gudu ya buge shi.

Kan jirgi mai suna City of Truro, da aka ƙera a 1903, an ce ya yi gudun mil 102 a awa a watan Mayu na 1904. Da agogon hannu aka auna, don haka masana suna gardama a kai har yau. Wanda babu gardama a kansa shi ne na 6 ga Yuni 1932, ranar da jirgin Cheltenham Flyer ya tashi daga Swindon ya isa tashar Paddington a Landan cikin minti 56 da daƙiƙa 47. Kan jirgin na jerin Castle ne, ƙirar Charles Collett, magajin Churchward. Collett ne kuma ya fitar da jerin King a 1927, aka kai na farkonsu, King George V, baje koli a Amurka, ya dawo da ƙararrawar tagulla a goshinsa. A lokacin da masana'antar ta kai ƙololuwa, tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, ta mamaye fiye da eka 300, tana da ma'aikata wajen 14,000. Rumfa ɗaya kawai, wadda ake haɗa injuna a cikinta, ta fi eka 11.

Da jiniya ta yi shiru

A 1948 gwamnati ta karɓe manyan kamfanonin jiragen ƙasa, Swindon ta zama ɗaya daga cikin masana'antu da yawa da ke jiran umarni daga sama. A watan Maris na 1960 aka fitar da Evening Star, kan jirgin tururi na ƙarshe da aka ƙera wa hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya. Da aka koma dizal, Swindon ta sake bin hanyarta ita kaɗai, ta ɗauki wani tsari na Jamus da ke isar da ƙarfin inji ga ƙafafu ta hanyar mai, alhali sauran ƙasar sun zaɓi na lantarki. Injunan sun yi aiki, amma su ne 'yan tsiraru, kafin ƙarshen shekarun 1970 an kawar da su daga manyan layuka. Ƙirar sababbin kawunan jirage ta tsaya a tsakiyar shekarun 1960, aka bar gyara kawai. A 1985, shekarar da ake shirin bikin cikar Great Western shekara 150, aka ba da sanarwar rufewa. Ma'aikata suka ƙi sa hannu a bikin, aka soke wanda aka shirya yi a garin. Ranar 26 ga Maris 1986 jiniya ta yi kukan ƙarshe.

Masana'antar ta bar wani gado mai ɗaci. An daɗe ana naɗe tukwanen tururi da asbestos, wani abu mai kama da auduga da ba ya cin wuta, ma'aikata suna shaƙar ƙurarsa ba su san illarsa ba. Bayan shekaru talatin ko arba'in sai ciwon daji ya kama musu fatar huhu. Ya yi yawa har ana kiran sa ciwon Swindon, akwai kuma lambun tunawa da mamatan a Queen's Park.

Me ya sa garin bai mutu ba? Domin hukumarsa ta hango abin tun da nisa. Magatakardan gari, David Murray John, da 'yan majalisarsa sun ga haɗarin gari ya rataya a wuyan mai ba da aiki ɗaya. Da aka yi dokar 1952 ta rage cunkoson Landan, sai Swindon ta miƙa hannu: aka gina sababbin unguwanni irin su Penhill da Walcot da Park, iyalai dubbai suka ƙauro. Kamfanin Pressed Steel ya buɗe masana'antar gangar jikin mota a tsakiyar shekarun 1950, wadda yau take hannun BMW. A 1971 babbar hanyar mota ta M4 ta ratsa kudu da garin, ita ma daga Landan zuwa Bristol da kudancin Wales. Zaman garin a kan wannan hanya, wanda ya jawo Gooch, shi ya jawo ofisoshi da manyan ɗakunan ajiyar kaya. Hedikwatar kamfanin Nationwide tana can, haka ma hukumomin da ke raba kuɗin binciken kimiyya na Birtaniya. Honda ta ƙera motoci a South Marston daga 1992, ta rufe a watan Yuli na 2021, mutum wajen 3,500 suka rasa aiki. Direbobi kuwa sun fi sanin garin da wani shataletale da aka yi a 1972, ƙanana biyar kewaye da babba ɗaya, wanda baƙo yakan shiga da addu'a a bakinsa.

Gine-ginen reluwe ba duka aka rushe ba, ko da yake babbar rumfar haɗa injuna ta tafi. A shekarun 1960 an so a share unguwar ma'aikata, masu kishin tarihi suka tashi tsaye, cikinsu har da mawaƙi John Betjeman, hukumar gari ta saye gidajen ta gyara su, har yau da mutane a ciki. Wasu rumfunan sun zama kasuwar tufafi da takalma tun 1997, mai sayayya yana tafe yana ganin ƙugiyoyin ɗaga ƙarfe a saman kansa. A 2000 aka buɗe gidan tarihi na STEAM a wata rumfar. Ma'ajiyar hotuna da takardun gine-ginen tarihi na Ingila tana tsohon ofishin kamfani, hedikwatar ƙungiyar National Trust kuma tana gefensa. Ginin titin Milton har yanzu na jama'a ne. Wanda aka yi wa sakaci shi ne Mechanics' Institution: tun 1986 yake rufe, ya bi hannun masu shi daban-daban, rufinsa yana lalacewa. A ganina wannan abin kunya ne ga garin, domin injunan kamfani sun samu gidan tarihi, makarantar da ma'aikata suka kafa da kansu kuwa tana jiran mai ceto.

Aiki

Ku zana layi daga Landan zuwa Bristol a littafinku, ku sa Swindon a inda ya dace, ku nuna ɓangaren da yake shimfiɗe da ɓangaren hawa da gangare. Daga nan kowa ya bayyana wa na kusa da shi, da bakinsa, dalilan da Gooch ya bayar.

Lissafi: jirgin 1932 ya yi mil 77 cikin kusan minti 57. Mil nawa ke nan a awa ɗaya? In mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kilomita nawa ke nan?

Muhawara a aji: a raba ku gida biyu. Ɓangare ɗaya ya kare ra'ayin Brunel kan faɗin layi, ɗayan ya kare hukuncin 1846.

Na gida: ku nemi wani dattijo da ya yi aikin reluwe, ko aikin masaƙa, ko wata masana'anta da ta rufe a yankinku. Ku tambaye shi yadda ake kula da ma'aikaci in ya yi ciwo, da wanda yake biya, da abin da aka yi da gine-ginen bayan an rufe. Ku rubuta amsarsa a shafi ɗaya, ku zo da ita darasi na gaba.